Lambar Mushe Sharfaddeen

Duk wanda ya yi ajin troisième, wato aji huɗu na sakandare, a kolej ɗin da ke unguwar Guéma, a Parakou, cikin shekarun da Mushe Sharfaddeen (Mushe, wato Malam da Faransanci) yake koyar da lissafi a can, ya san yadda ranar farko take kasancewa. Ba ya kiran suna, ba ya karanta dokokin aji. Zai shigo da alli a aljihun riga, ya yi sallama, ya juya ga allo ya rubuta da girma: 720720. Sannan ya koma ya ɗosana a gefen tebur ya ce, "To, ga baƙuwa na kawo muku. Ku bincike ta."

Da farko yara sukan yi ta kallon allon. Can sai wani ya ɗaga hannu ya ce cika ce, ba mara ba, tun da sifiri ne a ƙarshenta, biyu za ta raba ta. Wani ya ce ai biyar ma za ta raba, goma ma haka. Sai Mushe ya sa su gwada uku, su gwada huɗu, su yi ta hawa, ana ta ƙirƙir da biro, har zuwa sha shida, ba inda ake samun saura. Idan suka zo sha bakwai sai ta ƙi, ta bar saura biyar, shi kuma ya yi dariya ya ce, "Ita ma tana da iyakarta."

Daga nan sai ya fara ba su labarinta kamar mai labarin wata 'yar uwarsa. Ya ce babu wata lamba ƙasa da ita da za ta rabu da kowace lamba daga ɗaya har sha shida. Ya ce lambobin da ke raba ta daidai ɗari biyu da arba'in ne, kuma duk na ƙasa da ita ba wadda ta kai ta. Idan aka tara su duka, ban da ita kanta, sai su ninka ta fiye da sau uku, shi ya sa masu lissafi suke sa ta cikin waɗanda ake ce wa abondant, wato masu yalwa. Ya nuna musu cewa duk girman nan nata da 'yan lambobi shida aka gina ta, biyu da uku da biyar da bakwai da sha ɗaya da sha uku, irin waɗanda ake kira nombre premier, waɗanda ba sa yarda a raba su sai da ɗaya ko da kansu. A ƙarshe ya sa su raba ta da bakwai, abin da ya fito su raba da sha ɗaya, su sake rabawa da sha uku. Sai 720 ta fito musu ita kaɗai. Ya ce kowa ya zaɓi lamba mai gida uku ya rubuta ta sau biyu a jere ya yi hakan, ya gani. Nan aji yake kaurewa da ihu, har malamin ajin da ke maƙwabtaka ya leƙo.

Sharfaddeen ɗan Djougou ne. Gidansu dillalan shanu ne tun kakanni, shi kaɗai ya yi nisa a boko. Yayansa Usuman shi ya gaji mahaifinsu a kara, inda ake cinikin dabbobi. Matarsa Kamila tana da rumfar abinci a Gare, wajen tashar jirgin ƙasa, inda direbobin manyan motoci da masu dako suke cin shinkafa da sakwara da rana. 'Ya'yansu sun girma sun kama gabansu, gidan ya rage su biyu.

A babban hutu na wata damina ya je Djougou gaishe da 'yan uwa. Usuman ya ce ya zo ya raka shi ƙauyen Onklou, akwai wani bijimi da wani makiyayi yake son sayarwa. Suka hau babur ɗaya, suna kaucewa kwatami da taɓo, gonakin doya hagu da dama. Sun isa rugar, an shimfiɗa musu tabarma, an kawo nono a ƙwarya. Sharfaddeen ya ɗauki ludayi zai kai baki, sai ludayin ya suɓuce. Ya buɗe baki zai ce wani abu, maganar ta fito a karkace. Kafin Usuman ya ankara ya kife gefe guda.

Da ƙyar aka samu taksin daji da ta kai shi Djougou, daga can aka wuce da shi babban asibiti a Parakou. Likita ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cinsa bai sani ba, har wata jijiya ta toshe a kansa. Kamila ta rufe rumfa ta tare a gindin gadonsa.

Allah ya sa abin ya zo da sauƙi, haka kowa ya ce. Cikin 'yan makonni bakinsa ya miƙe, hannun dama ya fara riƙe cokali, ƙafar ma ta dawo sai ɗan ja kaɗan. Yana gane kowa, yana hira, yana ba'a da masu zuwa dubiya. Malaman kolej suka zo a ƙungiya, Direkta ya riƙe hannunsa ya ce, "Ajinka na nan yana jiranka. Ba wanda zan ba." Usuman ya yanka rago ya yi sadaka a Djougou.

Kamila ce ta fara lura. Bayan an sallame su, wata rana ya ce ta kira masa Usuman a waya. Ta ce ai ga wayar a hannunsa, ta tafi duba tukunya. Da ta dawo ta same shi yana kallon fuskar wayar, ya danna ya goge, ya danna ya goge. Ya ce idonsa ne yake masa yaji. Wata rana kuma ya tambaye ta lokaci, alhali agogon bango na gabansa. Ta yi shiru da abin a ranta.

Ranar da ta tabbatar, sallar la'asar ce. Ruwa ake yi, bai je masallaci ba, ya shimfiɗa darduma a falo. Ita tana gefe tana tsince wake. Ta ga ya yi raka'a huɗu bai yi sallama ba, ya miƙe ya ƙara, ya sake ƙarawa. Can ya tsaya a tsaye, hannuwansa a ƙirji, ya daɗe ba ya motsi. Sannan ya zauna ya yi sallama, ya ci gaba da kallon dardumar.

"Malam," ta ce a hankali, "nawa ka yi?"

"Na yi salla."

"Na gani. Raka'a nawa?"

Ta ajiye faifan, ta matso ta durƙusa kusa da shi, ta ɗaga masa yatsu uku.

"Nawa ne nan?"

"Kamila, ni za ki yi wa wannan? Ni yaro ne?"

"Ka faɗa min kawai, don Allah."

Ya kalli yatsun. Ta ga leɓɓansa suna motsi, yana bi ɗaya bayan ɗaya, ya kai ƙarshe ya dawo farko. Zufa ta tsattsafo masa a goshi duk da sanyin ruwan.

"Na san su," ya ce. "Wallahi na san su. Sunan ne yake guje min, in na kama sunan kuma sai in rasa na wanne ne."

Suka koma wurin likita. Ya rubuta bakwai da huɗu a takarda ya tambaye shi wadda ta fi yawa. Sharfaddeen ya daɗe, sannan ya nuna bakwai, amma daga yadda ya ɗago ya kalli likitan an san canka ya yi. Likitan ya ajiye biro. Ya yi musu bayani cewa a cikin ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke riƙe da ƙidaya, daban da wurin magana, daban da wurin tuna mutane, kuma nan ne ciwon ya taɓa. Ya ce wasu yakan dawo musu kaɗan-kaɗan, wasu ba ya dawowa.

"Mene ne aikinka, Malam?" ya tambaya.

Kamila ce ta amsa. Likitan ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya ba da lafiya.

A hanyar gida Sharfaddeen ya ce kada ta gaya wa kowa. Ya ce saura 'yan makonni a koma makaranta, kafin nan zai dawo da abinsa. Ya fito da tsofaffin littattafansa, ya zauna da su tun safe. Kalmomin duk yana karanta su, yana gane su, ya san abin da ake nufi da rabawa, ya san ma'anar saura. Amma da ya zo kan lambobi sai su tsaya masa kamar zanen da aka yi wa ƙwarya. Idan Kamila ta ce ya rubuta ɗari bakwai da ashirin, sai ya rubuta 70020, ya kalle ta yana jiran ta ce daidai ne.

Da ya ga lokaci na ƙurewa sai ya canza dabara. Darasin ranar farko yana nan a bakinsa, tun da shekara da shekaru yana yin sa. Ya sa Kamila, wadda ta gama firamare kafin a yi mata aure, ta nemo takardar darasin cikin kayansa. Kullum in ta taso daga Gare da yamma sai ta zauna ta riƙe takardar, shi kuma ya tsaya a tsakar gida yana biyawa kamar mai hadda. In ya yi tuntuɓe ta gyara masa. Ta rubuta masa lambobin da zai buƙata a wani ɗan kwali da zai ɓoye a tafin hannu, ya yi ta kwaikwayon siffarsu da gawayi a bangon bayan gida.

"Malam," ta ce wata rana, "to wannan na ranar farko ne. Rana ta biyu fa?"

"In na wuce ta farko, ta biyu za ta zo. In na ji ƙamshin alli, na ga yaran, komai zai dawo. A aji nake tunani, ba a gida ba."

"In wani ya yi tambayar da ba ta cikin takardar nan?"

"Tambayoyinsu iri ɗaya ne kowace shekara. Na san su duka."

Ta so ta ce ya je ya gaya wa Direkta gaskiya. Amma ta kalli yadda yake tsaye da farar rigarsa ta gida, yana daidaita kafaɗa kamar a gaban aji, ta kasa.

Ranar komawa makaranta ta goge masa riga mai ruwan toka, ta sa masa alli a aljihu da hannunta. Ta tsayar masa da ɗan zem, mai babur ɗin haya, ta faɗa masa inda zai kai shi, ta tsaya a ƙofa har suka sha kwana.

Ajin ya cika maƙil. Yawancin yaran sun ji labarin darasin daga yayyensu, suna ta murmushi tun kafin ya juya. Ya yi sallama, ya saci kallon tafin hannunsa, ya rubuta 720720 a hankali, siffa bayan siffa. Ta fito daidai. Ya ɗosana a gefen tebur ya ce ga baƙuwa ya kawo musu.

Komai ya tafi yadda ya saba. Wani ya ce cika ce, ya ce madalla. Suka gwada uku, suka gwada huɗu, suna faɗin ba saura, yana gyaɗa kai. Da suka zo sha bakwai wani yaro ya ce saura biyar, ya ji kalmar da yake jira, ya yi dariyarsa ya faɗi abin da ya saba faɗa. Ya ji ƙarfi ya shigo masa. Ya faɗi masu raba ta ɗari biyu da arba'in, ya faɗi abondant, muryarsa ta cika ajin kamar da. A ransa ya ce, ai dai na faɗa wa Kamila.

Sai wata yarinya a layi na biyu ta ɗaga hannu. Baƙuwa ce a makarantar, an dawo da mahaifinta aiki Parakou, sunanta Yasmine.

"Mushe, idan aka ƙara mata ɗaya fa? Duk waɗannan da suka raba ta, daga biyu har sha shida, akwai wadda za ta sake raba ta?"

Abin da ya fara ji daɗi ne. Ya san tambaya ce mai kyau, irin wadda malami yake shekaru yana jiran wani ɗalibi ya yi. Ya san akwai amsa, gajeriya, mai daɗin faɗa, ya san ya taɓa riƙe ta. Ya kai hannu cikin kansa inda ya saba ɗaukowa, bai tarar da komai ba.

"Zo ki rubuta mana," ya ce, don ya samu lokaci.

Ta zo ta rubuta 720721 a ƙarƙashin tasa, ta koma ta zauna. Ya tsaya gaban allon yana kallon layukan biyu. Ya ga na ƙarshe sun bambanta, ɗaya zagaye, ɗaya tsaye. Bai san wadda ta fi girma ba. Ya duba kwalin da ke hannunsa, zufa ta jiƙa shi, kuma ba abin da ke ciki da zai taimake shi.

Yara suka ɗauka cikin wasan ne, suka fara gwadawa. Wani yaro daga baya ya ce biyu ba za ta raba ba, ta zama mara. Wata ta ce ta gwada uku, saura ɗaya. Wani ya ce shi ma da bakwai saura ɗaya ya samu. Yasmine ta miƙe ba tare da an ba ta izini ba, ta ce, "Ai duk saura ɗaya za su bari! Tun da waccan ta rabu ba saura, ɗayan da aka ƙara shi zai riƙa ragewa kullum." Wasu suka ce ƙarya ne, sha shida ba za ta yi haka ba. Gardama ta tashi. Sannan duk suka juyo gare shi.

"Mushe, daidai ne?"

Zai iya cewa daidai ne. Daga muryar yarinyar ya ji alamar ta kama gaskiya. Amma tun da ya fara koyarwa bai taɓa sa hannu a kan amsar da bai gani da kansa ba. Ya tsaya da allin a hannu har surutun ya mutu, har ana jin muryar malamin tarihi daga ajin gaba.

"Ban sani ba," ya ce.

Wasu suka yi dariya, suna jiran ya ƙarasa.

"Ba wasa nake ba. Na yi ciwo a hutun nan, kun ji labari. Ciwon ya tafi da lissafina. Abin da na faɗa muku tun ɗazu haddacewa na yi, ban ga ko ɗaya ba. Wannan da ke allo, ban iya gaya muku wadda ta fi ba." Ya juya ga yarinyar. "Ki riƙe tambayarki, ki kai wa wanda zai zo bayana. Kada ki yarda ya ce miki ba ta cikin manhaja."

Ya ajiye allin a kan tebur. Ya zaro sauran na aljihunsa ya ajiye su ma. Ba yaron da ya motsa har ya fita.

Bai tsaya ofis ba, bai hau zem ba. Da ƙafa ya tafi, yana jan ta daman, daga Guéma har Gare, cikin rana. Ya tarar rumfar Kamila ta cika, direbobi a kan benci, ana ta miƙa kwanuka. Ta hango shi tun daga nesa. Ta kalli agogon hannunta, ta kalli fuskarsa, ta kalli farin alli a yatsunsa. Ta ce wa wani direba ya ɗan matsa, ta zaunar da shi, ta kawo masa ruwan wanke hannu, ta zuba masa sakwara da miyar kuɓewa. Direbobin suka gaishe shi da jiki, ya amsa. Ya yi loma biyu ya tsame hannu. Ita kuma ta juya ga murhu ta daɗe tana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara.

Direkta mutumin kirki ne. Ya zo gida washegari, ya ji komai, ya ce bai kamata a ce mutum kamar Mushe Sharfaddeen ya zauna a gida ba. Ya sama masa aikin kula da tarbiyyar ɗalibai, ya tsaya a bakin ƙofa da safe, ya zaga farfajiya, ya sasanta masu faɗa. Aka kawo wani matashi, Abdoul Karim, wanda shi ma tsohon ɗalibinsa ne, ya karɓi ajin.

Ya gwada. Yaran suna girmama shi, har fiye da da, kuma wannan ɗin ne ya fi yi masa ciwo, don da ya doso sai su rage murya kamar an shigo da mara lafiya. Idan zagayensa ya kawo shi ta bayan tagar troisième sai ƙafarsa ta tsaya da kanta. Ya ji Abdoul Karim yana bayani da kalmomin da shi ya koya masa, ya gane kowace kalma, amma bai san ko abin da ake faɗa daidai ne ko kuskure ba. Wata rana Abdoul Karim ya hango shi, ya fito da sauri ya ce, "Mushe, shigo mana ka zauna." Ya ce a'a, wucewa yake. Daga ranar ya daina bi ta wannan gefen. Kafin hutun ƙarshen zango ya daina zuwa gaba ɗaya, ya koma zaman ɗaki, ba ya fita sai masallaci.

Kamila ta kira Usuman, ta gaya masa abin da aka ɓoye masa. Da safe sai ga shi a ƙofar gida da babbar rigarsa da ƙurar hanya. Usuman mutum ne mai kauri, mai babbar murya, wanda ya saba magana a tsakiyar shanu.

"Sharfu, tashi," ya ce daga bakin ƙofar ɗaki. "Me kake yi a duhu kamar mai takaba? Ka mutu ne?"

"Yaya, sannu da zuwa."

"Ban zo gaisuwa ba. Ɗakin Baba yana nan a rufe, na sa an share. Ku tattara ku dawo gida. Boko ya ci rabonsa, ya isa."

"Me zan yi a Djougou?"

"Abin da muke yi. Kana da ido, kana da baki, kana jin Fillanci. Ƙidaya ni zan yi. Ai dama ba kai kake min ba."

Sharfaddeen ya kalli Kamila. Ta san me komawar take nufi gare ta. Rumfar nan da hannunta ta kafa ta tun tana goyon fari, daga tukunya ɗaya. A Djougou za ta koma gidan yawa, cikin matan dangin miji, ba wanda ya san ta da wata sana'a. Ta ce, "Yaya ya yi gaskiya, Malam. Mu tafi."

Ta bar wa ƙanwarta rumfar. Littattafansa ya sa aka kai wa Abdoul Karim a kwalaye, bai rage ko ɗaya ba. Wani direba cikin masu cin abincinta, da zai wuce Djougou ba kaya, ya kwashe musu gado da kujeru da tukwane. Ranar tafiya Kamila ta ce a bi ta Gare ta yi sallama, da aka zo wurin kuma ta ce wa direban ya wuce kawai.

A Djougou rayuwa ta samu wani tsari. Ranar kasuwa Usuman yakan goya shi a babur su tafi kara. Sharfaddeen ya riƙe igiya, ya duba haƙoran saniya, ya yi hira da makiyaya a inuwa, in an zo maganar farashi sai ya ja gefe. Ya ɗan yi ƙiba. Yana dariya in an yi abin dariya. Lissafin bai dawo ba, sai dai ya kai yana iya ƙirga yatsun hannu ɗaya in ba a gaggauta shi ba.

Wata ranar kasuwa wani dattijon Bafulatani, Habou, wanda ya daɗe bai zo kara ba, ya iso da garkensa. Suka rungume juna da Usuman. Ya nuna Sharfaddeen da sanda ya tambayi ko wane ne.

"Ƙanena ne," Usuman ya ce, ƙirjinsa a buɗe. "Wanda nake ba ka labari. Babban malamin lissafi ne a Parakou, duk lambar da ka..."

Sai ya tsaya. Maganar ta riga ta fita, yadda ta saba fita daga bakinsa shekaru masu yawa a wannan wurin.

Habou ya yi murna, ya kama hannun Sharfaddeen da hannu biyu. "Ashe kai ne! To Malam, yau na huta. Yarana sun ce wani abu, ni na ce wani abu. Duba min shanun nan ka raba mu, nawa ne?"

Sharfaddeen ya kalli garken, farare da jajaye suna cuɗanya, ƙahoni suna gogar juna. Ya yi murmushi.

"Da ne, Baffa. Na yi ciwo, yanzu ban iya ba. Amma waccan mai baƙin kunne tana ɗingishi, a duba mata ƙafar baya."

Dattijon ya ce Allah ya sawwaƙe, ya juya yana kiran yaransa. Sharfaddeen ya waiwaya bai ga Usuman ba. Ya bi ta tsakanin turaku yana tambaya, har ya same shi bayan wata babbar mota da ake loda wa shanu, inda ba kowa. Ya dafa jikin motar da hannu ɗaya, ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna girgiza. Ko ranar da aka binne mahaifinsu Sharfaddeen bai ga hawayensa ba.

"Yaya."

"Ka yafe min, Sharfu. Bakina ne. Na manta."

"Ba komai, Yaya."

"Da komai. Ni na ɗauke ka zuwa Onklou."

"Likita ya ce ko a gado nake zai same ni. Kai ka kai ni asibiti."

Usuman bai daina ba. Sharfaddeen ya tsaya kusa da shi, ya dafa bayansa, ya bar shi ya yi mai isarsa. Shanu suna ta buga ƙafa a cikin motar, wani yana ƙwala kiran Alhaji Usuman daga can cikin kara.

"Ana nemanka," Sharfaddeen ya ce. "Share fuskarka. In Habou ya gan ka haka zai tsuga maka tsada."

Usuman ya yi wata irin dariya da ta haɗu da tari. Ya goge idonsa, ya fyace hanci, ya gyara hula. Suka fito tare, shi a gaba, ƙanen a baya yana jan ƙafa, suka koma cikin kasuwar.